Rc a Rust: Drop ya ƙi aiki, Weak kuma yana ba ni None

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana. Ina rubuta wata 'yar manhaja mai tsara folda-folda da Rust, wani yaren rubuta manhaja. Kowace folda tana riƙe da 'ya'yanta cikin Vec<Rc<RefCell<Node>>>, kowane ɗa kuma dole ya san uwarsa, don in iya hawa sama in haɗa cikakken adireshin fayil.

Da farko ɗan ma da Rc (manuni mai ƙidaya masu riƙe da abu) yake riƙe uwar. Manhajar tana tafiya sumul, amma Drop, wato share abu daga ma'ajiya idan ba mai riƙe da shi, bai taɓa gudana ba. Uwa mai 'ya'ya 2, Rc::strong_count ya nuna masu riƙe da ita 3, ko na saki nawa riƙon, 2 na nan. Wannan na fahimta: uwa ta riƙe ɗa, ɗa ya riƙe uwa, ƙidayar ba za ta sauka sifili ba.

Sai na koma Weak, manunin da ba ya hana a share abu, ta hanyar Rc::downgrade, ɗa ya riƙe uwa da shi. Nan gizo ke saƙa. Aikin da ke gina bishiyar ɗan ƙarshe kaɗai yake dawo min da shi, yana gamawa uwar ta tafi tunda ba mai riƙe ta da Rc, in na nemo ta da upgrade() sai None, wato babu komai.

To wanne ya fi? In ajiye tushen bishiyar a wani struct (ƙunshin bayanai) da zai daɗe, ko in juya abin, ɗa ya riƙe uwa da Rc, uwa ta riƙe 'ya'ya da Weak? Ko in zuba komai cikin Vec (jeri) guda in riƙa amfani da lambobin matsayinsu? Nan gaba ina son raba aikin ga thread (layukan aiki masu gudana tare) da yawa, wanda Rc bai yarda da shi ba, sai Arc da Mutex, takwarorin Rc da RefCell na aikin thread. Don Allah wanda ya taɓa cin karo da wannan ya taimaka. Na gode.