Kokwambar da nake jiƙawa a ruwan khal tana yin lugub, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Don Allah masu haɗa jiƙaƙƙen kayan lambu mai zaƙi-zaƙin nan, ku agaza mini.

Ina yanka kokwamba, karas, albasa da tafarnuwa, in tafasa farin ruwan khal kofi 1, ruwa kofi 1, sukari rabin kofi, gishiri cokali 1 da ɗan kanumfari, in juye da zafinsa cikin kwalba in rufe. Karas ɗin kam lafiya lau, ƙaras-ƙaras yake. Kokwambar ce matsalata, kafin a je ko'ina ta saki jiki, tsakiyarta wajen 'ya'yan ta narke, ruwan ya yi gurɓi-gurɓi. Na gwada barbaɗa mata gishiri ta tsane tukuna, sauƙin kaɗan ne. Zafin ruwan ne ke dafa ta, ko manyan kokwambar kasuwa ne ba su dace ba?

Sannan tafarnuwar ta koma shuɗi-shuɗi, Maigida ya ce shi ba zai ci ba. Ta lalace ne?

Kuma da wannan rashin wutar, firij ɗinmu sai a hankali. Kwana nawa haɗin zai iya yi a waje lokacin zafi?