Abin da aka naɗa a dekoda, kwamfuta na buɗe shi ko ba ta buɗewa?

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah a taimaka min, abin nan ya hana ni barci. Dekodata ta abonma, wato mai kati da ake biya duk wata, ta mutu tun ran Talata, an ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi sai kawai ta yi shiru, ko 'yar jar fitilar nan ba ta kawowa. Akwai diski da na jona mata ta USB tun 2022 ina naɗar abubuwa a ciki, wasan Kamaru da Brazil na Qatar yana ciki, wanda Vincent Aboubakar ya ci da ka a ƙarshen wasa ya cire riga aka ba shi jan kati. Amma ba shi ne damuwata ba. Akwai rahoton hawan sallah na ƙofar Lamidon Garwa da aka nuna a tele, marigayi Baba yana ciki bisa doki, sun daɗe suna nuna shi, kuma shi ne hawansa na ƙarshe. Na sayi sabuwar dekoda iri ɗaya sak na jona diskin ta ce sai an yi format. Yarona ya sa a kwamfutarsa ita ma format take tambaya. Ban danna ba tukuna.

Mai Gyara na Yelwa: Wa alaikumus salam. Alhaji kar ka danna. Ko wa ya ce ka danna kar ka danna, format goge abin da ke ciki yake yi, cire diskin ka sa a aljihun tebur tukun.

Ɗan Kusiri: Allah ya jiƙan Baba. Yaya kwantar da hankalinka wannan ƙaramin abu ne wlh. Duk abin da aka naɗa a diski fayil ne, kuma babu fayil ɗin da kwamfuta ba ta buɗewa, manhaja ce dai mutum bai samu ba. Ni shekara nawa ina da gidan kallo a nan Kusiri, ina naɗar wasa da dare, da safe in cire kile, wato filashin USB, in sa a kwamfuta in buɗe da manhajar kallon bidiyo ta VLC in tura wa yara a waya, har 'yan Injamena suna tsallako gada su karɓa. Fayil ɗin .ts ne, in ya ƙi ka canza sunan ƙarshen zuwa .mpg ko .mp4 shi ke nan. Zancen wai an kulle duk tsoratarwa ce ta masu sayar da dekoda.

Mai Gyara na Yelwa: Ƙanena wace dekoda kake naɗa da ita? Mai kati ce da kake biya duk wata ko irin ta kasuwa da ke kama tashoshin kyauta?

Ɗan Kusiri: Strong ce, ba kati. Amma ai duk tauraro ɗaya ne suke kamawa daga sama, meye bambancin

Mai Gyara na Yelwa: To nan bambancin yake. Abin da ka faɗa gaskiya ne a kan taka, ban musa ba. Tashar kyauta tana saukowa a buɗe, dekodarka tana zuba ta a kile yadda ta zo, guntu guntu ne kowane bayit 188, shi ne .ts ɗin, VLC ta san shi sarai. In kile ɗin FAT32 ne ma za ka ga tana yanka wasa biyu ko uku don fayil ɗaya ba ya wuce giga 4. Wannan duk na sani. Ta Alhaji kuwa matsala biyu ce a kan juna. Ta farko mai sauƙi ce, da yawan dekodojin abonma suna tsara diski da tsarin Linux, wata babbar manhajar kwamfuta kamar Windows, ext3 ko ext4, wasu ma da nasu tsarin na kansu, Windows ba ta karanta shi shi ya sa take cewa format, ba wai diskin ya lalace ba ne. In aka tada kwamfuta da Linux sau da yawa za a ga fayilolin da girmansu. Ta biyu ita ce mai wuyar. Za ka ga fayil, giga 3 ko 4, ka danna VLC ta ba ka baƙin allo ko ta ƙi gaba ɗaya, don abin da ke ciki a hargitse yake da gangan. Canza masa suna kamar ka goge "gishiri" a jikin buhu ka rubuta "sukari" ne, abin ciki yana nan yadda yake.

Ɗan Kusiri: To ai ka yarda ana ganin fayil. In ana gani ana buɗewa, sai dai a nemo manhajar da ta dace. Turawa sun fasa abin da ya fi wannan.

Ɗalibi a Ngaundare: Kawu Mai Gyara bari in ɗan sa baki, mun taɓa wannan a aji. Kulle biyu ne ake haɗawa ana ɗauka ɗaya ne. Na farko shi ne na hanya, daga tauraro zuwa gidanka, ana kiransa DVB-CSA tun 1994 ake amfani da shi, kuma mabuɗinsa yana canzawa duk bayan 'yan daƙiƙu, wajen 10 haka, katin da ke cikin dekoda ne ke fitar da sabon mabuɗin kowane lokaci muddin ka biya. Wannan shi ne wanda mutane ke jin labarin ana zagaye shi, shi ya sa Yaya na Kusiri ke cewa an fasa. Na biyu shi ne lokacin naɗa, dekodar ta buɗe hoton sannan ta sake kulle shi da wani mabuɗi nata na kanta kafin ta rubuta a diski, kuma asalin mabuɗin yana cikin prosesar dekodar tun daga masana'anta, kowace da nata, ba ya fita waje, ko manhajar dekodar ba ta ganinsa. Shi ya sa sabuwar da Alhaji ya saya ko da iri ɗaya ce sak ba ta san diskin ba. Da yawa tsarin kulle na AES suke amfani da shi mai bit 128, adadin mabuɗan da za a gwada lamba ce mai jerin alƙaluma 39. Ko ka tara duk kwamfutocin Kamaru da Cadi ba za su gama gwadawa ba har jikokin jikokinmu.

Ɗan Kusiri: Wannan karatun aji ne ɗan uwa, a kasuwa daban ne. Akwai manhajoji a intanet da suke cewa suna buɗe naɗin dekoda, na gani da idona.

Maman Hanif: Ni na gwada su Malam, ba labari aka ba ni ba. Bara mijina ya naɗi tafsirin azumi kusan duka, muka so mu kai wa Inna a Marwa a waya. Ƙanena ya sauke wata manhaja ta ce a biya kafin ta gama, muka biya ta waya, ta fito da fayil ba hoto ba murya, bayan kwana biyu kwamfutar ta cika da tallace tallace sai da aka wanke ta duka har da hotunan sunan Hanif. Don Allah Alhaji kar ka sa diskin Baba a hannun irin waɗannan.

Ɗalibi a Ngaundare: Akwai wasu tsofaffin na'urori a Turai da mutane suka gano yadda suke ajiye mabuɗi suka rubuta musu manhaja, wannan gaskiya ne, amma kowace manhaja ta samfuri ɗaya ce tak, kuma galibi sai na'urar tana raye take aiki don ita ce ke buɗewa. Babu wata guda ɗaya mai buɗe duka. Yaya in kana so ka tabbatar akwai MediaInfo kyauta ce, ka sa fayil ɗinka na Strong za ta nuna maka irin hoton da muryar, ka sa na dekodar abonma sau da yawa za ta rubuta maka cewa a kulle yake. A kan kowane guntun 188 ɗin nan akwai bit 2 da aikinsu kenan, su faɗa ko a kulle yake ko a buɗe.

Baban Amira: To ni abin da ban gane ba, rahoton Baba a CRTV aka nuna shi, tashar ƙasa ce kowa na kama ta ba ko sisi. Me ya kawo kulle a ciki?

Mai Gyara na Yelwa: Alhaji nan ne ɗan fatan da nake da shi amma ba na son in yi maka alkawari. Wasu dekodojin suna barin tashar kyauta a buɗe in sun naɗa, wasu kuma duk abin da ya bi ta cikinsu sai sun kulle, ba ruwansu da ta kyauta ce ko ta kuɗi. Waɗanda suka zo shagona na abonma mafi yawa na biyun ne. Sai an duba.

Kawu Sali: Ni fa wannan abu yana ci min rai. Mutum ya sayi dekoda da kuɗinsa, ya sayi diski da kuɗinsa, yana biyan abonma wata wata ko an ɗauke wuta rabin watan, sannan hoton mahaifinsa a kan dokinsa a garinsu a ce ba shi da ikon kallo sai da izinin wani ƙarfe? Kuma lokacin sayarwa ba wanda ke ce maka in ta mutu naɗinka ya mutu. Da sun faɗa da mutane sun san abin yi. Wannan zalunci ne ko an ƙi ko an so.

Malam na Marwa: Kawu a yi adalci kaɗan. Masu tashoshin nan kuɗi masu yawa suke biya kafin a ba su ikon nuna ƙwallo da finafinai, kuma masu ba su ikon suna sharɗanta musu kar a bari a kwafa. In da a buɗe yake, mutum ɗaya zai biya ya naɗa ya sayar wa gari guda a kile, ka san za a yi. Wanda ya shiga abonma ya shiga da sharaɗi, kuma musulmi yana kan sharaɗinsa. Abin da na yarda da kai shi ne rashin bayani, ya kamata mai sayarwa ya faɗi aibin kayansa. Amma hoton mahaifin Alhaji don iyalinsa su gani ban ga laifi a neman ceto shi ba, ba sayarwa zai yi ba.

Kawu Sali: Malam sharaɗin da aka rubuta da Faransanci ƙanana ƙanana a bayan kwali, wa ya karanta wa Alhaji? Ni ban sauka daga maganata ba.

Ɗan Kusiri: To ko ma dai an kulle, ai hoton yana fita ta waya zuwa tele, a tare shi a hanya mana. Kun ga dai ƙarshenta kwamfuta ta buɗe, maganata ta fito.

Mai Gyara na Yelwa: A'a ƙanena, wannan wata magana ce daban, a nan dekodar ce ke buɗewa kwamfuta tana kallo tana ɗauka kamar mai kamara a gaban tele. Kuma sai dekodar tana da rai. Ta wayar HDMI akwai wata kariyar kuma mai suna HDCP, na'urar ɗauka ta gaskiya ƙin karɓa take. Hanyar da na saba ita ce tsohuwar waya mai kai uku, rawaya fari ja, a jona ta da 'yar na'urar USB mai shigar da hoto kwamfuta, a danna kunna a zauna, abin minti 20 zai ci minti 20, hoton zai sauko layi 576 irin na tsohuwar tele, ba zai yi kyan HD ba amma za a gane fuskar Baba da rawaninsa sarai. Shi ya sa ni duk hankalina yana kan tsohuwar dekodar, ita ce mabuɗin. Kuma dekodar da wuta ta buga ta yi shiru gaba ɗaya, sau da yawa ba prosesa ba ce, cajar volt 12 ce ta ƙone, ko fiyus, ko kondansata ta kumbura da zafin Garwa na watan 4, ko regulata a bakin shigar wuta. Waɗannan duk ana canzawa naɗin bai san an yi ba. Abin da ba za a yi ba shi ne canza bod ɗin, wato allon cikin dekodar da prosesa ke kai, gaba ɗaya, in wani mai gyara ya ce zai sa maka sabon bod ka karɓe kayanka, don mabuɗin zai tafi da tsohon. Alhaji tana ina yanzu?

Baban Amira: Innalillahi. Tana bayan ɗaki, jiya Maman Amira ke cewa za ta ba 'yan gwangwan in sun zo. Bari in kira gida.

Maman Hanif: Kira yanzu Alhaji, yaran nan da sassafe suke yawo.

Baban Amira: Alhamdulillahi tana nan, an ɗauko ta an shigar ɗaki. Cajar ma tana nan. Useko jama'a, Allah ya saka.

Malam na Marwa: Madalla. Kuma ko da ba ta tashi ba, CRTV suna da tasha a nan Garwa, ka je da shekarar da ranar sallar ka roƙa a duba maka ma'ajiyarsu, tambaya ba ta ɓata komai.

Ɗalibi a Ngaundare: Kawu Mai Gyara abu ɗaya kuma, wasu dekodojin ba sa kunna tsohon naɗi sai katin yana ciki kuma abonma na tafiya. In Alhaji ya mayar da abonmarsa kan sabuwar, tsohuwar tana iya tashi lafiya ta nuna sunan fayil ta ƙi kunnawa.

Baban Amira: Sabuwar da nata katin ta zo, tsohon katin yana cikin tsohuwar ban taɓa shi ba, kuma sai 28 ga wata kuɗinsa zai ƙare.

Ɗan Kusiri: Ni dai a kwafo min fayil ɗaya a kile in gwada, in ya ƙi zan dawo nan in faɗa da bakina.

Mai Gyara na Yelwa: Zan kwafa maka amma daga kwafi, ainihin diskin ba ya barin hannuna. Alhaji ka zo bayan la'asar da dekodar da cajarta da katin da rimot da diskin, duka, kar ka jona ta a wuta kafin ka zo. Zan fara auna cajar da mita, muna da kwana 9 kafin 28.