Neman shawara: horon fosdok kan shaye-shaye, daga ina zan kama?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kammala digirin digirgir a fannin nazarin halayyar ɗan'adam, ina koyarwa a Katsina. Ina son horon fosdok, wato horon bincike bayan digirin digirgir, kan binciken shaye-shaye, musamman kodin da tiramol a tsakanin matasa. Ina ta ganin tallan T32, wani tallafin horon bincike na Amurka. Shi zan nema?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam Malama. Kada ki ɓata lokacinki kan T32. Kuɗin NIH ne, hukumar binciken lafiya ta Amurka, kuma sharaɗinsa sai ɗan ƙasar Amurka ko mai takardar zama ta dindindin. F32, wani tallafin fosdok na NIH, ma haka yake. Wanda aka tsara wa baƙi shi ne INVEST na hukumar NIDA, reshen NIH mai binciken shaye-shaye: wata 12 a Amurka, ƙarƙashin mai binciken da NIDA ke ɗaukar nauyin aikinsa. Wato sai kin samu wannan mutumin ya amince kafin ki cike komai. Tallafin Amurka na yawan sauyawa, ki duba shafinsu ki tabbatar an buɗe bana. A gida kuma TETFund na da tallafin fosdok, ta hannun jami'arku ake bi.

Amsa ta biyu:
Gaskiyar Dakta. Wajen samun mai binciken ne aka fi faɗuwa. Wasiƙar "ina son aiki da kai" ba ta samun amsa. Ki shiga NIH RePORTER, shafin da ke nuna ayyukan da NIH ke ɗaukar nauyi, kyauta ne, ki nemo masu aiki kan ƙwayoyin kashe zafi waɗanda tallafinsu bai kusa ƙarewa ba. Ki karanta takardunsu biyu ko uku, sannan ki aika shafi ɗaya: tambayarki, bayanan da ke hannunki, da dabarar da kike son koya.

Abin da zai ja hankalinsu shi ne filin da kike da shi su ba su da shi. Binciken UNODC (ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi da laifuka) da hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha ƙwaya, miliyan 4.6 irin su tiramol, miliyan 2.4 maganin tari. Amma wannan kowa ya sani, naki na Katsina ake so.

Amsa ta uku:
'Yar uwa, ki fara ƙaramin bincike tun yanzu, da ma'aunin ASSIST, jerin tambayoyin gano shaye-shaye na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai tambaya kan wata uku da suka wuce. Mutum ɗaya ya mayar da shi Hausa, wani da bai ga asalin ba ya sake mayar da shi Turanci, a gwada. In kin bar sunayen likitanci, yaro zai ce bai taɓa sha ba, kuma gaskiya ya faɗa, bai gane tambayar ba ne. Ki ce wiwi, sholisho, kodin, tiramol.

Izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin tambaya ko ɗaya, domin mujalla mai daraja ba ta karɓar aikin da ba shi da lambar izini. Kada a rubuta suna ko lambar waya. Kada a yi hirar a ofishin NDLEA ko gaban iyaye, tsoro zai sa kowa ya musanta, alƙaluman su fito ƙasa da gaskiya. Matan aure kuwa, mace ce za ta shiga gida ta tambaye su. In ba haka ba za ki fito da sakamakon maza zalla, alhali maganin tari ya shiga ɗakuna, kuma wannan abin yana damuna ƙwarai. Ki tanadi asibitin da za ki tura duk wanda makinsa ya nuna haɗari, kwamitin zai tambaye ki.

Amsa ta huɗu:
Ƙari kaɗan. Ki koyi manhajar nazarin alƙaluma, R ko Stata, sosai. In aikin ya kammala, ki gwada mujallar CRISA, cibiyar binciken shaye-shaye da ke Uyo, wadda Farfesa Isidore Obot ya kafa. Takarda ɗaya da sunanki a farko ta fi biyar da sunanki a tsakiya.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Zan fara da neman izinin kwamitin. Akwai wanda ke da samfurin takardar amincewa da Hausa?