"In ka je gari ka ga kowa da jela": hikima ce ko tsoro?

Mai Alli: Salamu alaikum. Mu duba karin maganar nan: "In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemo taka ka ɗaura." Littafin Ray Bradbury na 1953, Fahrenheit 451, shi ya tuna min da ita. A garin da ya zana, 'yan kwana-kwana sun bar kashe gobara, sun koma bin gidaje suna zuba wa littattafai kananzir suna cinna wuta, kuma jama'a sun yarda. Shin karin maganar ta wanke su?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam Malam. Ba ta wanke su ba. Baƙo ake faɗa wa ita, don ya bi gaisuwar mutane da suturarsu, kada ya zama saniyar ware. Montag kuwa, ɗan kwana-kwanan da littafin ya ba da labarinsa, ɗan gari ne, shekara goma yana ƙona littafi. Ɗan gari ai hakkinsa ne ya tambayi wanda ya kawo jelar.

Ɗan Damagaram: Hajiya, asalinta ke nan, amma yau da ita ake rufe wa mutum baki. Ka ga an yi ba daidai ba a wurin aiki, kana buɗe baki a jefo maka ita. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bayanin shugaban su Montag, Beatty, cewa ba daga gwamnati abin ya faro ba. Mutane ne suka gaji da karatu, kowane ɓangare ya ce shafi kaza ya ɓata masa rai, aka riƙa ragewa har ba a bar komai ba. Dubi Mildred, matar Montag. Bango uku na falonta talabijin ne, kuma kukanta a ƙaro na huɗu. Babu wanda ya tilasta mata.

Baba Na Sabon Zango: Yara, ku yi a hankali. Baki shi ke yanka wuya. Clarisse, yarinyar maƙwabtan Montag mai yawan tambaya, mota ta bi ta kanta. Tsohuwar da ta ƙi fita daga gidanta da 'yan kwana-kwana suka zo ta ƙone tare da littattafanta. Faber, tsohon malamin jami'a, da ya kama bakinsa ya tsufa da ransa. A Amurka ta zamanin Sanata McCarthy aka rubuta littafin, lokacin da zargin kwaminisanci kaɗai kan raba mutum da aikinsa. Mai iyali ba ya wasa da wannan.

Uwar Biyu: Baba, Allah ya ƙara girma, amma Faber da bakinsa ya kira kansa matsoraci, domin ya ga inda aka dosa tun ana iya magana, ya yi shiru. Ni karin maganar da ta dace da shi ita ce ta gemun ɗan'uwa da ya kama wuta. Shi nasa kaɗai ya shafa wa ruwa.

Ɗan Damagaram: Littafin kansa ma bai tsira ba. A 1967 kamfanin da ke buga shi ya fitar da bugun makarantu, an cire kalmomin da aka ga ba su dace da yara ba, sai a 1979 Bradbury ya sa aka gyara. A Kano ma an ƙona littattafan Hausa a 2007 da sunan gyaran tarbiyya.

Baba Na Sabon Zango: Tarbiyya daban, danniya daban. Uba yana da ikon duba abin da 'yarsa ke karantawa.

Mai Alli: Na yarda Baba, a cikin gidansa. Wa ya ba shi ikon duba na gidan maƙwabci?