Abotar ciniki abota ce? Muhawara kan ra'ayin Aristotal

Malamin Makaranta: Assalamu alaikum. Aristotal, masanin falsafa na Girka, wanda ya rasu a 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kasa abota gida uku: ta amfani, ta jin daɗi, da ta nagartar hali. A wurinsa ta ukun ce kaɗai cikakkiya. Sauran biyun, ranar da riba ko nishaɗi ya ƙare, ranar suke watsewa. Ni dai ina ganin ya yi gaskiya.

Ɗan Kasuwa: Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda ba. Akwai mutumin da ciniki ya haɗa mu, yana ba ni kaya bashi ko rubutu babu. Da mahaifina ya rasu, shi ya riga kowa zuwa, da shi aka ɗauki makara. A ce abotarmu ragaggiya ce don kuɗi ne mafarinta?

Malamin Makaranta: Allah ya jiƙan Baba. Amma Alhaji, ranar nan ba riba ce ta kawo shi ba, halinka ya gani. Aristotal ma ya kawo karin maganar mutanensu, cewa mutane ba sa sanin juna sai sun daɗe suna cin gishiri tare.

Ɗalibar Falsafa: Malam, a gafarce ni, maganar Alhaji tana da magoyin baya a Girkar ma. Efikuras, wani masanin falsafa da ya buɗe makaranta a wani lambu a birnin Atina wajen 306 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana ganin daga amfani abota take tsirowa, daga baya a so ta don kanta. Kuma lambun nan har mata da bayi yana karɓa. Aristotal kuwa cewa ya yi ba a abota da bawa a matsayinsa na bawa, sai dai a matsayinsa na mutum, abotar miji da mata ma ya sa ta cikin ta na sama da na ƙasa. Wannan yana ci mini rai.

Malamin Makaranta: 'Yata, a batun bayi ba zan kare shi ba. A aure kuwa ya yarda abotar nagarta tana yiwuwa, in dukansu mutanen kirki ne.

Ɗan Kasuwa: To Malam, ina da tambaya. Yau in na karye, aminina ya ja baya saboda shi ma bashi ya yi masa katutu, Aristotal zai ce da ma can ba ya ƙaunata?

Ɗalibar Falsafa: Ni ma amsar da nake jira ke nan, Malam.