Musayar Waƙa: Makeba da Hanyar Gida

Mai Tsohon Faifai
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wannan makon ni ke da buɗe fage, kuma na zaɓi Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu, mawaƙiyar jaz kuma 'yar wasan dandamali. An haife ta 4 ga Maris 1932 a Johannesburg. Ƙwar huɗu za mu yi, babban amsa-amo "ba". Tun ina saurayi nake jin muryarta a rediyo, abu ɗaya kuma ke ci mini rai a labarinta: an hana ta zuwa jana'izar mahaifiyarta. Bismillah.

Da sunan Allah nake farawa,
Shi ke bai wa harshe iyawa,
Ku matso kusa 'yan uwa da kowa,
Yau zancenmu na kan Makeba.

Kwana sha takwas take a duniya,
Aka kama uwarta kan dafa giya,
Wata shida a kurkuku, uwa da ɗiya,
Nonon fari ta sha cikin azaba.

Uba ya rasu tana ƙarama,
Ta yi aikatau gidan masu dama,
Raino da wanki, ba ranar zama,
Muryar na nan, ba ta dushe ba.

Ɗiyar Zazzau
Baba sannu da buɗe fage, Allah ya ƙara lafiya. Ga nawa.

Baba ka faɗi farkon labari,
Bari in ɗora a kan wannan tsari,
Manhattan Brothers suka ba ta wuri,
Mace ɗaya tilo, tana a gaba.

Sannan ga Skylarks, taron mata,
Johannesburg duk ana jin muryarta,
Ta zuba jaz cikin waƙar kakarta,
Kamfani dai shi ya kwashe riba.

Bakanen Ƙofar Mata
'Yar Zazzau, sannu da ɗaukar kaya,
Kin loda wa ɗango ya karye baya,
Johannesburg ta danne shi a hanya,
Ko amalanke ba za ta ja ba.

Kin tsallake dandamali, can ne magana,
Wasan King Kong, ɗan damben da ya yi suna,
Ita ce Joyce, mai mashaya, abar ƙauna,
Kishi ya kai shi inda bai zata ba.

Ga wanda bai sani ba: a Fabrairun 1959 aka fara wasan a babban zauren Jami'ar Witwatersrand. Labarin ɗan dambe Ezekiel Dlamini ne, Todd Matshikiza ya tsara kiɗan, Hugh Masekela na cikin masu busa, shi ne ta aura daga baya. Baƙaƙe ke wasa, fari da baƙi na zaune suna kallo, a ƙasar da ko benci an raba.

Ɗiyar Zazzau
Bakano ko a waƙa tunaninsa kasuwa,
Yana awon ɗango kamar awon dawa,
Naka ya fi nawa tsawo da yawa,
Mai gyaran wani, kanka fara duba.

Kuma Yaya, baiti biyu ka yi, duka biyun da "ba" ta korewa ka rufe. "Ba za ta ja ba", "bai zata ba". Wannan ai amsa-amon ragwaye ne, ko ɗan aji uku zai jera ɗari kafin la'asar.

Gwaggon Yara
Kai 'Yar Zazzau, kin gama da shi! Allah ya bar mana ke. Bari in kai ta ƙasar waje, tunda maza sun tsaya kallon dambe.

Fim ya kai ta Venis, daga can sai Landan,
Belafonte ya ce taho, ga hanya nan,
Amurka ta ji Xhosa a bakin yarinyar nan,
Gashinta na Allah, ba ta miƙar ba.

Ta tsaya gaban Majalisar Duniya,
Ta faɗi abin da ake yi na wariya,
Aka cire ta a 'yan ƙasa gaba ɗaya,
Shekarar nan ta yi waƙa Addis Ababa.

Belafonte shi ne Harry Belafonte, mawaƙin Amurka, Xhosa kuma harshenta ne. Baiti na biyun a 1963 ke nan, shekarar da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa. Faya-fayanta ma hana su aka yi a ƙasarta.

Malam Mai Arulli
Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma da girmamawa nika faɗi: ban ga waƙa ba tukuna, na ga labari da anka yanka layi-layi. Alhaji mai buɗe fage, baitinka na fari gaɓa 10, sai 9, sai 11, sai 9. Wane bahari ne wanga? Ɗiyata ta Zazzau tana da gaskiya kan "ba" ta korewa, amma ita ma ɗangonta ɗingishi shika yi. Kari shi ne ƙashin waƙa. Ga Mutaƙarab, ku auna da kanku:

Uwa ta yi kwance, ɗiya na kira,
Ta nemi ta koma, a ce ta jira,
Hukuma da ranta take yin dara,
Tsakanin ɗiya da uwa an raba.

Gaɓa 11 ko wane ɗango, ƙafa huɗu, kuma ban ari "ba" ta korewa ba.

Bakanen Ƙofar Mata
Malam ya zo da sikeli da mudu,
Yana ƙirga ƙafa, ɗaya zuwa huɗu,
Waƙar tana can ta riga ta gudu,
Shi yana nan da fa'ulun a gaba.

Ta Funtuwa
Allah ya gafarta Malam, baitin ya yi daɗi, gaskiya tsigar jikina sai da ta tashi. Amma wa ya ce sai da arulli ake waƙa? Makaɗanmu da kiɗa suke auna kari, ba da littafi ba.

Malam Mai Arulli
Hajiya, waccan waƙar baka ce, ganga ka riƙe mata kari. Mu nan rubutawa muka yi, babu ganga babu kalangu. In ba kari, mi za ya riƙe ta? Bakano kuwa, "mudu" da "huɗu" ba su zama amsa-amo guda, du daban, ɗu daban.

Bakanen Ƙofar Mata
Kunne ke jin waƙa Malam, ba ido ba. Matar da muke magana a kanta ma jaz take yi, kiɗan da ake tsallake bugu da gangan a faɗo inda mai sauraro bai zata ba. Da kai ne a gabanta da ka ce ta karya kari.

Malam Mai Arulli
Wanda ya san bugu shi ka tsallake shi. Wanda bai sani ba tuntuɓe shika yi.

Gwaggon Yara
Malam ɗaya, Kano sifili.

Ɗan Sabon Gari
Gwaggo kullum kina bayan duk wanda ya taɓa Bakano, mun gane ki. Ni ina tare da Yaya Bakano. Tun jiya zance goma a kan ƙafa da gaɓa, Makeba na tsaye a bakin ƙofa.

Mai Tsohon Faifai
Malam, na karɓi gyara a kan ƙirga, ba ni da ja. Baitinka ya fi nawa tsari nesa ba kusa ba. Sai dai kari ya sa ka sassauta wa azzalumai. Ba "jira" aka ce mata ba. A 21 ga Maris 1960 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville. A shekarar mahaifiyarta ta rasu. Ta nemi komawa jana'iza, sai ta tarar an soke fasfonta. Wanda aka ce ya jira yana da ranar da yake sa rai. Ita rufe ƙofar aka yi, shekara 30. Na gwammace ɗango ya yi ɗingishi da a ce wannan ya faɗi a hanya.

Ba jira suka ce ba, sokewa suka yi,
Gawar uwa na can, ɗiya ba yadda za ta yi,
Ba wanka, ba rakiya, ba ban kwana ta yi,
Sai waƙa ta rage, ita ta zuba.

Badamagare
Gafara dai, kwana biyu ba ni da intanet, na tarar an yi nisa. Kanawa ana ta shan kashi, ba sabon abu ba ne. Ni zan kawo ta yammacin Afirka.

Amurka ta tafa, ta rangaɗa guɗa,
Ta auri Carmichael, sai fuska ta murɗa,
Seku Ture ya ce ga ƙofa na buɗa,
Konakiri gida ne, wa zai taɓa?

A 1968 ta auri Stokely Carmichael, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen Amurka, nan take aka dinga soke mata wasanni. Gini, ƙasar da Seku Ture ke shugabanta a lokacin, ta karɓe ta, ta zauna kusan shekara 15, har ta wakilci ƙasar a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Malam Mai Arulli
"Taɓa" da ɓa mai ƙugiya ce. An ce "ba".

Badamagare
Haba Malam, ƙugiya ɗaya!

Bakanen Ƙofar Mata
Badamagare ya iso da ƙura a ka,
Ya yabi Seku Ture har da ɗaga tuta,
Bai tuna Boiro, gidan da ake shiga,
Da yawa sun shiga, ba su fito ba.

Na san ɗangwayen farko ba su amsa juna ba, kada Malam ya wahalar da kansa. Maganar ce ta fi mini. Mutumin da ya ba ta masauki shi ne mai sansanin Boiro, inda 'yan adawa da yawa suka mutu. In za mu yabe ta, mu faɗi wannan ma.

Ɗiyar Zazzau
Yau kam Yaya ka faɗi abin ji. Amma ka sa kanka a matsayinta.

Wanda ruwa ya ci, takobi zai kama,
Ƙasarta ta kore ta, Amurka ta yi tsama,
Da ɗiya da jikoki, ina za ta zama?
Mai gida bai san zafin rashin gida ba.

Na ari "ba" ta korewa sau ɗaya, Yaya, kai ka koya mini.

Ta Funtuwa
Ku dai kuna ta ƙetare teku. Mu ma muna da tamu.

Kuna ta Makeba, ni Barmani nake ji,
Ƙwarya a ruwa, mata sun cika waje,
Ta ce mace ta nemi sana'a, kowa ya ji,
Funtuwa ce, ba a kai mu ba.

Gwaggon Yara
Allah ya ji ƙan Barmani Choge, amma ƙanwata, Uwaliya Mai Amada fa?

Ta Funtuwa
Yaya kada ki fara. Ashe ke ma Kano kike yi wa aiki a ɓoye.

Ɗan Sabon Gari
Tambaya gare ni Baba, ba waƙa ba. Kun ce mawaƙiyar jaz ce, amma lambar Grammy da ta samu da Belafonte a 1966 a rukunin waƙoƙin gargajiya aka ba su. To ina jaz ɗin?

Mai Tsohon Faifai
Ɗana, rukunin masu ba da lamba nasu ne. A kiɗan unguwannin baƙaƙe na Johannesburg ta tashi, inda jaz ɗin Amurka ya gauraya da marabi, kiɗansu na gida. Da ta isa New York a 1959, a Village Vanguard ta yi wasa, gidan jaz ne sananne. A 1991 ta yi faifai tare da Dizzy Gillespie da Nina Simone. Wasan kwaikwayo ma ba ta bari ba, a 1992 ita ta fito uwa a fim ɗin Sarafina. Ta zo ƙasar nan kuma:

Aljiyas ta je, Kinshasa ta je,
FESTAC a Legas, nan ma ta je,
Ni ina Kaduna, ban samu na je,
Na tsaya kallon hawan daba.

FESTAC, bikin al'adun baƙaƙen fata na duniya, a 1977 ke nan. Har yau ina jin ciwon rashin ganinta.

Gwaggon Yara
Akwai abin da ba wanda ya taɓo, ni kuwa uwa ce, ba zan wuce shi ba. 'Yarta ɗaya tak, Bongi, ta rasu a Gini a 1985.

An hana ta binne wadda ta haife ta,
Ta zo ta binne wadda ta haifa da hannunta,
Duka biyu tana baƙuwa, nesa da ƙasarta,
Wannan nauyin, da wa za ta raba?

Ta tsufa tana waƙa, ba ta ajiye ba,
Italiya ta je, ba don kuɗi ba,
Ta gama, ta sauka, ƙafa ba ta kai ba,
Zuciya ta tsaya, ba ta ƙara ba.

Na biyun duk "ba" ne, Malam ka yi haƙuri, hannuna rawa yake. A 9 ga Nuwamba 2008 ne, a Castel Volturno kusa da Napoli, wajen wasan goyon bayan marubuci Roberto Saviano da 'yan ta'addar Camorra ke nema. Shekararta 76.

Badamagare
Gwaggo kin sa mu shiru. Ni dai na gyara nawa: "Konakiri gida ne, a ci gaba." Malam a duba mini.

Malam Mai Arulli
Ya shiga, ɗana. Hajiya Gwaggo, ba ni auna baitin da anka rubuta da hawaye. Alhaji, kwana ukku ina juya maganarka, gaskiya gare ka, "jira" ba ta ɗauki abin da anka yi mata ba. Na tsare kari na saki ma'ana. An sako Mandela 11 ga Fabrairu 1990, ita kuwa ta komo gida watan Yuni, ta nufi kushewar mahaifiyarta. Ga biyan bashi:

Ta dawo ƙasar nan da tas sha wuya,
Kushewar uwa, nan ta je ta tsaya,
Uwa ba ta ji, ga ta nan dai ɗiya,
Hawayen talatin a nan ta zuba.