Neman banɗaki a birnin Lisbon: abin da waɗanda suka je suka gani

Mai tambaya: Assalamu alaikum. A watan Yuni mai zuwa zan raka mahaifinmu Lisbon, babban birnin Fotugal, kuma da yake yana fama da ciwon suga, ba ya iya daɗewa bai kama ruwa ba. Ina roƙon waɗanda suka zauna can ko suka taɓa zuwa su faɗa mini yadda suka yi da lalurar banɗaki idan sun fita gari.

Ɗalibi mazaunin Lisbon: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wanda ya ce sai ya ga banɗakin hukuma a bakin titi zai sha yawo, domin 'yan akwatunan nan da ake jefa musu tsabar kuɗi su buɗe ba su da yawa, kuma na sha tarar da su a kulle. Abin da 'yan gari suke yi shi ne su faɗa shagon gahawa, wanda da wuya a wuce layi biyu ba a ga ɗaya ba, su sayi ɗan ƙaramin kofin da suke kira *bica* a kan abin da bai fi Yuro ɗaya ba a yawancin unguwanni, sannan su tambayi *casa de banho*, wato banɗaki. Wani shagon za a miƙo maka mabuɗi ɗaure da guntun katako don kada ka manta shi a aljihu, wani kuma lambar buɗe ƙofar tana jikin rasit. A gargaɗi Baba cewa fitilar ciki takan mutu da kanta bayan ɗan lokaci, sai mutum ya motsa hannu ko ya laluba makunni.

Wata Hajiya 'yar kasuwa: Ɗana, abin da ka faɗa gaskiya ne ga mai ƙuruciya, amma ba ka yi la'akari da gwiwar tsoho ba. A tsakiyar gari, wajen Baixa, banɗakunan shagunan da na shiga da dama a ƙarƙashin ƙasa suke, ana sauka ta wata siririyar matakala da ni kaina sai da na dafa bango. Ni manyan cibiyoyin kasuwanci na dogara da su: Vasco da Gama da ke fuskantar tashar jirgin ƙasa ta Oriente, da Colombo da ke kusa da filin wasan Benfica, da Armazéns do Chiado a cikin gari. Lokacin da na je kyauta ne, babu mai tambayarka ko ka sayi wani abu, ga na'urar hawa bene, ga ɗaki na musamman na masu keken guragu. A tashoshin jirgi kuwa rabin Yuro na riƙa biya, saboda haka kada aljihu ya rabu da canji. A kuma duba ƙofa da kyau, domin H ta maza ce, S ko M kuwa ta mata.

Wani malamin jami'a: Ni abin da ya fi damuna ruwan tsarki ne. A gidaje da otal-otal babu matsala, domin kusan kowanne akwai kwamin tsarki da suke kira *bidé* a gefen masai, wanda dokar gine-gine ta wajabta shi a gidajen zama har zuwa shekarar 2024. A banɗakin jama'a kuwa takarda kawai za a samu, famfon wanke hannu yana can waje inda kowa ke ganin kowa, don haka ƙaramar gorar roba a jaka ita ce butar matafiyi. Idan kuna kusa da dandalin Praça de Espanha, Babban Masallacin Lisbon, wanda aka buɗe a 1985, yana da wurin alwala wadatacce. Akwai kuma ƙananan masallatan 'yan Bangaladash a kewayen dandalin Martim Moniz, sai dai a lokutan salla na fi samunsu a buɗe. A tsofaffin gine-gine za ku ga sanarwa cewa a jefa takarda a kwando, saboda bututansu sirara ne.

Wani direba da ya yi aiki a can: Yallaɓai, tunda ka ce Yuni, ka kiyayi daren 12 ga wata wayewar 13, lokacin bikin Santo António, wani waliyyin Kiristoci. Unguwar Alfama takan cika maƙil da masu gasa kifi da masu shaye-shaye, a jera banɗakunan roba na wucin gadi, amma layinsu ya fi ƙarfin mai lafiya ma balle dattijo, kuma shagunan da ɗalibinmu ya yaba sukan manna takarda a ƙofa cewa sai mai ciniki. Idan Baba yana son ganin unguwar, ku je bayan kwana biyu da hantsi, ku fara tsayawa a shago kafin ku kama hawan tudu.